Haƙorin Dariya: Raha da Tsokana a Tsakanin 'Yan Kwana-kwana

Tsakure

Wannan takarda ta duba rahar da 'yan kwana-kwana ke yi a tsakaninsu, musamman a Amurka da Ingila inda aka fi nazarin lamarin. Abin da take son tabbatarwa shi ne, amfanin wannan raha yana cikin taruwar da ake yi a kanta, fiye da abin dariyar kansa. Saboda haka abin da ke rage wa wani ma'aikaci nauyin aiki shi ne kan zame wa wani azaba idan aka ware shi gefe. An auna wasu shari'o'i da rahotannin bincike da ma'aunin wasan barkwanci irin wanda Hausawa suka sani, domin a ga inda raha ke ƙarewa cin zali ya fara.

Gabatarwa



Wanda bai san aikin kashe gobara ba yakan zaci ɗan kwana-kwana kullum yana tsakiyar hayaƙi da mesa a hannu. Alƙaluman ƙungiyar NFPA, wadda ke tattara bayanan gobara a Amurka, sun nuna cewa kiran gobara bai kai kashi 5 cikin ɗari na kiraye-kirayen da ake yi wa hukumomin kwana-kwana a ƙasar ba. Kusan kashi biyu cikin uku na marasa lafiya ne da waɗanda suka ji rauni. A birane da dama ma'aikaci kan yi awa 24 a tasha, ya huta awa 48 a gida. A tashar ake girki, a nan ake ci, a nan ake kwana, galibi a ɗaki guda. Za a yi ta zaman jira har gajiya ta kama mutum, can sai ƙararrawa ta kaɗa, cikin 'yan mintoci sai ga shi durƙushe a kan yaron da numfashinsa ya tsaya. Bayan awa guda kuma ya dawo teburin da ya bar abincinsa, tare da mutanen da suka ga abin da ya gani.

A kan wannan teburin ake rahar da nake magana a kai. Iri biyu ce. Akwai tsokanar yau da kullum: laƙabi, sharrin wasa, shirya wa sabon shiga gadar zare, zolayar wanda ya ƙona tukunya. Akwai kuma wadda zan kira rahar bakin kabari, wato abin dariyar da ake ƙirƙira daga mutuwa da jini da ƙonewa, wanda idan baƙo ya ji sai tsigar jikinsa ta tashi. Mutanen waje sun fi ƙyamar ta biyun. Ni kuwa a nawa nazarin, ta farkon ce ta fi yin ɓarna.

Abin da dariya ke yi a jiki da cikin jama'a

Tsohon bayani shi ne na Sigmund Freud, wanda ya rubuta littafi kan barkwanci a 1905, ya kuma koma kan batun a wata gajeriyar maƙala a 1927. Misalinsa shi ne na mutumin da za a rataye ranar Litinin, yana tafe yana yaba yadda makon ya faro masa da kyau. A wurin Freud, mai irin wannan magana yana ƙin yarda ne duniya ta durƙusar da shi. A 1942 Antonin Obrdlik ya ɗauke batun daga zuciyar mutum ɗaya ya kai shi cikin jama'a, inda ya nuna yadda mutanen Cekoslobakiya suka riƙa ba'a ga 'yan Nazi da suka mamaye ƙasarsu, ba'ar tana ƙarfafa waɗanda aka danne tana kuma hana masu dannewar sakat.

Binciken baya-bayan nan ya fi goyon bayan Obrdlik. Robert Provine na Jami'ar Maryland ya bi mutane a kasuwanni da tituna yana rubuta abin da ake faɗa kafin a yi dariya, har ya tattara misali 1,200. Ya gano cewa abin da za a iya kira barkwanci na gaske bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. Sauran duk maganganu ne na banza, irin su sai an jima ko ina ka shige. Ya kuma gano cewa mutum ya fi yin dariya sau 30 idan yana cikin mutane a kan idan yana shi kaɗai. Robin Dunbar na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun wallafa a 2012 cewa mutanen da suka yi dariya tare sun fi jure zafi jim kaɗan bayan haka, suka danganta wannan da sinadarin endofin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Wani nazari da aka yi a Finlan a 2017 da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ya ƙara ƙarfafa wannan bayani.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa mai neman sirrin rahar 'yan kwana-kwana a cikin kalmominta ya yi ɓatan kai. Shi ya sa idan aka kwaso irin wannan barkwanci aka kawo zauren taro, sai ya zama lami ko ya zama abin ƙyama. Dariyar tana cewa ne: na ga abin da ka gani, kuma har yanzu muna tare.

A kan 'yan kwana-kwana su kansu, nazarin da aka fi ambata shi ne na Michael Sliter da Aron Kale da Zhenyu Yuan na 2014. Sun yi wa ma'aikata 179 tambayoyi a lokuta biyu daban-daban. Yawan munanan abubuwan da ma'aikaci ya gani yana tafiya tare da ƙosawa da aiki, da alamomin ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, da fashin zuwa aiki. A wurin waɗanda ke yawan fuskantar wahala da raha, wannan alaƙa ta yi sauƙi ta fuskar ƙosawa da firgici, amma ba ta sauya ba ta fuskar fashin aiki. Sakamako ne mai kyau, sai dai a yi hattara da shi. Ma'aikatan ne suka ba da labarin kansu, kuma mai yiwuwa ne wanda zuciyarsa ke da sauran ƙarfi shi ne ke iya raha tun farko.

Izinin dariya

Ranar 11 ga Satumba, 2001, hukumar kwana-kwana ta New York ta rasa ma'aikata 343 a rana ɗaya. Kusan mako uku bayan haka, ranar 29 ga watan, shirin barkwancin talabijin na Saturday Night Live ya dawo. An buɗe shi da magajin gari Rudy Giuliani tsaye a dandamali, 'yan kwana-kwana da 'yan sanda na kewaye da shi. Mai shirin, Lorne Michaels, ya tambaye shi ko an yarda su ba mutane dariya, Giuliani ya mayar masa da zolayar cewa da can ma yaushe suka iya. Zauren ya fashe da dariya. Abin lura a nan shi ne sai da aka tsayar da waɗanda suka binne 'yan'uwansu kafin jama'a su ji cewa dariya ta halatta. Kowa ya san, ko ba a faɗa ba, cewa rahar bakin kabari tana da masu ita.

Wannan doka ce da ma'aikatan agajin gaggawa ke kiyayewa a tsakaninsu, kamar yadda Carmen Moran da Margaret Massam suka bayyana daga Ostiraliya a 1997. Ba a yin ta a gaban dangin mamaci ko a idon jama'a, kuma galibi takan ɗauke cak idan abin ya shafi ƙaramin yaro ko abokin aiki. Wurinta cikin mota ne a hanyar dawowa, ko a teburin cin abinci. A zamanin da kowa ke da waya mai ɗaukar hoto, kiyaye wannan iyaka ya ƙara wuya, domin abin da aka faɗa don kunne biyar yana iya kwana a Facebook.

Haƙorin dariya shi ke cizo

Rod Martin na Jami'ar Yammacin Ontario a Kanada ya fitar da wani ma'auni a 2003 da ya raba raha gida huɗu: mai haɗa kai, mai ƙarfafa zuciyar mai yin ta, mai sukar wani, da mai tozarta kai don neman shiga. Biyun farko suna tafiya da lafiyar zuciya, biyun ƙarshe kuwa ba haka ba. Rabon yana da kyau a takarda. A tashar kwana-kwana kuwa jimla ɗaya tak tana iya zama ta farko a kunnen wani, ta zama ta uku a kunnen na kusa da shi.

Sarah Tracy da Karen Myers da Clifton Scott sun zauna da 'yan kwana-kwana da gandirobobi da masu amsa kiran gaggawa a Amurka, suka wallafa abin da suka gani a 2006. Sun tarar da cewa raha tana koya wa sabon shiga yadda zai fahimci aikin, amma wani kaso nata a kan jama'ar da ake yi wa hidima yake sauka. Ma'aikaci yana ɗaga kansa ne ta hanyar mayar da wanda ya kira shi abin dariya. Carol Chetkovich, wadda ta bi sababbin ma'aikata a birnin Oakland ta rubuta littafi a 1997, ta nuna cewa tsokanar da ake yi wa ɗan koyo jarrabawa ce: ana son a ga ko zai jure, domin wanda bai jure magana ba ana shakkar zai jure wuta. Matsalar ita ce mace ko baƙar fata ba ta da hanyar sanin ko jarrabawar kowa ake yi mata ko kuwa korar kare ce. Idan ta yi shiru ta sha, idan ta kai ƙara an ce ba ta iya wasa ba.

Shari'ar da ta fi nuna sarƙaƙiyar lamarin a Los Angeles ta faru. A 2004 wasu ma'aikata suka zuba abincin kare a cikin taliyar wani abokin aikinsu baƙar fata, ya ci bai sani ba. Su dai sun ce wasa ne, tushensa wani laƙabi mai alaƙa da kare da shi da kansa yake kiran kansa. Shi kuwa ya ce wariyar launin fata ce, kuma bayan ya yi ƙorafi zaman wurin ya gagare shi. A 2006 majalisar birnin ta amince a biya shi dala miliyan 2.7. Ana cikin haka sai hotuna suka fito da ke nuna shi ma a baya ya shiga cikin irin waɗannan wasanni a kan wasu, sai magajin gari Antonio Villaraigosa ya hau kujerar na-ƙi. A 2007 aka sasanta a kan kusan dala miliyan 1.5.

Mutane da yawa sun ce ai ramuwar gayya ce, wanda ya yi wa wasu shi ma an yi masa. Ni ban gamsu da wannan ba. Kasancewar mutum ɗan wasa bai sa kowane wasa ya halatta a kansa ba. Ciyar da baƙar fata abincin dabba a ƙasar da ta taɓa sayar da kakanninsa a kasuwa yana ɗauke da wani nauyi, ko masu yin sun nufa ko ba su nufa ba. Sannan abin da ya biyo baya ya fi wasan kansa muni, domin daga ranar da ya nuna ya ji zafi, teburin da ke warkar da kowa ya daina zama nasa.

A Landan abin ya wuce mutum ɗaya. Bayan wani matashi ɗan koyo ya kashe kansa a watan Agustan 2020, aka ɗora wa tsohon babban mai gabatar da ƙara Nazir Afzal aikin binciken halayyar hukumar kwana-kwana ta birnin. Ya ji ta bakin ma'aikata sama da 2,000, ya fitar da rahoto a Nuwamban 2022 wanda ya ce ƙin mata da wariyar launin fata sun yi kanta a hukumar. A ciki akwai baƙar fatar da aka rataya wa igiyar zarge a wurin ajiye kayansa, da Musulmin da aka riƙa cusa wa naman alade a aljihu, da matan da aka zuba wa fitsari a hular kwano. A Maris na 2023 hukumar da ke sa ido kan ayyukan 'yan sanda da na kwana-kwana a Ingila ta ba da rahoton cewa irin wannan hali ya bazu a wasu hukumomin, kuma sau da yawa da sunan wasa ake binne shi. Ma'aikatan Landan ɗin nan fa su ne mutanen da suka haura matakalar benen Grenfell ranar 14 ga Yuni, 2017, a gobarar da ta ci rai 72. Jarumtarsu gaskiya ce, abin da rahoton ya faɗa shi ma gaskiya ne.

Ma'aunin barkwanci

A nan ne nake ganin muna da abin da za mu ba wannan muhawara. A 1940 masanin al'adu A. R. Radcliffe-Brown ya wallafa maƙala kan dangantakar wasa, yawancin misalansa daga Afirka, inda ya bayyana ta a matsayin rashin kunyar da al'ada ta halatta tsakanin mutum biyu, da sharaɗin kada wanda aka yi wa ya yi fushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mu ba sai an fassara mana ba. Mun san abin da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi, da Bafulatani da Babarbare, da Bagobiri da Bayarabe, da jika da kaka, da taubasai masu bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki.

Wanda ya lura da wannan wasa zai ga ba sakaka yake ba. Kowa ya san abokin wasansa, ba a yin sa da wanda bai shiga ba. Wanda aka soka yana da haƙƙin ramawa nan take, a gaban mutanen da suka ji sukar. Jika yana ce wa kakarsa matata ya kushe tuwonta, ita ma ta kira shi mijin da ba ya cefane, girma da ƙuruciya duk an ajiye su gefe. Kuma wasan yana tafe da nauyi: taubashin da ya fi kowa tsokanarka shi ne ke fara isowa ranar da ka shiga uku.

Idan aka ɗora rahar tashar kwana-kwana a kan wannan ma'auni, sharaɗi na ukun, wato ɗaukar nauyin juna, a cike yake, har ya fi namu, domin mai zolayarka da safe shi zai jawo ka daga ƙarƙashin rufin da ya rufta da daddare. Inda ake samun tangarɗa shi ne na biyu, wato haƙƙin ramawa. Ɗan koyon da ke jiran a tabbatar masa da aiki ba zai iya rama wa shugaban da ke rubuta rahoto a kansa ba. Mace ɗaya tilo a cikin maza goma ba ta da wanda zai yi dariya idan ta mayar da martani. Musulmin da aka sa wa naman alade a aljihu, da me zai rama? Ba shi da abin da zai sa a aljihunsu wanda zai yi musu irin wannan zafin. Tambayar da ya kamata shugaban tasha ya yi ke nan idan ya ji an tuntsire da dariya: wanda ake yi wa, zai iya mayarwa a zauna lafiya? Kalmomin da aka yi amfani da su, komai kaushinsu, ba su kai wannan muhimmanci ba.

Addini ma ya gindaya iyaka kusa da wannan. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba. A cikin Sunan na Abu Dawud akwai labarin sahabban da ke tafiya tare da Annabi (SAW), ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa don wasa, ya farka a firgice, sai Annabi ya hana tsorata Musulmi. Alhali kuwa an san shi da raha da sahabbansa, ba ya dai faɗin ƙarya a cikinta. Abin da aka hana shi ne dariyar da sai wani ya firgita ko ya wulaƙanta take samuwa.

Abin da dariya ba ta iyawa

Akwai haɗari na biyu, wanda ya shafi mai dariyar kansa. Wani rahoto da Gidauniyar Ruderman ta fitar a 2018 ya ce a 2017 aƙalla 'yan kwana-kwana 103 ne suka kashe kansu a Amurka, yayin da 93 suka mutu a bakin aiki. Waɗannan mutane a tasoshin da ake raha suka zauna. Ɗan wasan barkwanci Denis Leary, wanda ɗan'uwansa na cikin ma'aikata 6 da suka mutu a gobarar wani sito a Worcester a Disamban 1999, ya gina shirinsa na talabijin Rescue Me a kan wannan: jarumin shirin ya fi kowa baki a tasha, a gida kuwa giya da fatalwar matattu sun hana shi barci. Inda aka saba mayar da komai wasa, mai son ya ce ya kasa ba ya samun ƙofa.

Hukumomi sun nemi cike wannan giɓi da zama na musamman bayan kowane mummunan aiki, tsarin da Jeffrey Mitchell ya gabatar a 1983, inda ake tara ma'aikata kowa ya faɗi abin da ya ji. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2002 ba ta sami hujjar cewa zama ɗaya irin wannan yana hana ciwon firgici ba, ko da yake yawancin nazarce-nazarcen da ta duba a kan ɗaiɗaikun mutane aka yi su, ba ƙungiyar ma'aikata ba. Darasin da na ɗauka shi ne kada a rushe teburin cin abinci don a gina ɗakin taro. Hukumar da ta haramta raha gaba ɗaya saboda tsoron shari'a ta ƙwace wa ma'aikatanta abin da suke da shi kullum kyauta. Abin da ya fi shi ne a horar da tsofaffin hannu su gane lokacin da dariyar wani ta sauya, ko ta yi yawa fiye da ƙima, ko ta ɗauke gaba ɗaya, su ja shi gefe, kuma a sami likitan da za a tura shi wurinsa ba tare da labari ya zaga ba.

Aikin da ke gabanmu a gida

'Yan kwana-kwananmu suna da wani nauyi da na New York ba su da shi: su ne abin dariyar gari. Kowa ya san ba'ar da ake yi musu cewa sai wuta ta cinye suke isowa, ko su zo da mota ba ruwa, wani lokaci har jifa ake yi. Ba a cika tambayar wa ya hana su mai da ruwa da hanyar shiga kasuwar da aka cushe da rumfuna ba. Su ne kuma ake kira idan yaro ya faɗa rijiya ko kududdufi a Kano, su ne ke kwana a tsaye lokacin hunturu idan kasuwanni suka fara kamawa, kamar yadda ta Sabon Gari ta kama a 2016.

Ina ba ɗalibanmu na sashen Hausa da na nazarin zamantakewa shawara su shiga waɗannan tasoshi. Takardar tambayoyi ba za ta wadatar ba, sai an zauna a benci an sha shayi tare na tsawon watanni, har a manta da baƙo. Mai binciken ya rubuta wa ke fara tsokana, a kan wa take sauka, ko ƙarami yana ramawa, da wanda ke tashi ya bar wurin idan an fara. Ya duba ko wasan Bakano da Bazazzagi ya bi su cikin tasha ya sassauta tsarin oga da yaro, da kuma yadda mata ma'aikata da waɗanda ba Hausawa ba ke samun shiga. Ya nemi izininsu kafin ya naɗi murya, ya kuma bar musu zaɓin abin da za a buga.